Tambaya da Amsa: Zaɓen Fanni da Zaman Ɗalibi a Ƙananan Kwalejojin Amurka

Wasiƙun wannan fitowa duk sun taru ne a kan abu ɗaya, wato ƙananan kwalejojin nan na Amurka da suke kira libaral-ats, inda ɗalibi ke shiga ba tare da an ɗaure shi da fanni guda ba. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma ɓoye sunayen masu su.

Tambaya: Ɗana ya samu gurbi a wata kwaleji a Amurka wadda ɗalibanta ba su kai 2,000 ba. Takardar da suka aiko ba ta ma faɗi kwas ɗin da aka ba shi ba. Anya digiri na gaske ne? (Daga wani uba)

Alhaji, hankalinka ya kwanta, digiri ne cikakke na shekara huɗu, daidai da na kowace jami'a. A Amurka kalmar kwaleji ba ta nufin makarantar da ke ƙasa da jami'a. Wasu daga cikin waɗannan makarantu ma sun girmi jami'o'i da yawa: an kafa Williams a 1793, Bowdoin a 1794, Amherst a 1821. Marigayi Kofi Annan a irinsu ya kammala digirinsa na farko, a kwalejin Macalester ta jihar Minesota, a 1961.

Bambancinsu da manyan jami'o'i shi ne kusan duk ƙarfinsu yana kan masu digirin farko. Farfesa da kansa ke koyar da ɗan shekarar farko, shi ke duba rubutunsa, kuma aji mai mutum 15 ko 20 ba abin mamaki ba ne. Gurbin da aka ba ɗanka na kwalejin ne gaba ɗaya, shi ya sa ba ka ga sunan kwas ba. Fannin zai bayyana shi ne daga baya, yawanci kafin ƙarshen shekara ta biyu.

Abu biyu za ka duba. Na farko, ka tabbatar wata sananniyar hukumar tantance makarantu ta amince da kwalejin, kamar NECHE ko Middle States ko Higher Learning Commission. Ana rubuta wannan a shafin kwalejin na intanet. Na biyu, kada harafin BA ya tsorata ka. Da yawa daga cikinsu, irin su Amherst da Williams, BA suke bayarwa ko da kimiyyar sinadarai ko lissafi yaro ya karanta. Takardar sakamako ce ke nuna darussan da ya yi.

Tambaya: Zan fara karatu a watan Agusta. Zuciyata tana tsakanin kimiyyar sinadarai, tattalin arziki da tarihi. An ce ina da shekara biyu kafin in yanke shawara. Ta ina zan fara? (Daga wata ɗaliba)

'Yata, maganar shekara biyun nan gaskiya ce, amma ba ga kowane fanni ba, kuma a nan ne ɗalibai da yawa ke yin asara ba su sani ba.

Fara da lissafin. A yawancin waɗannan kwalejoji ana ɗaukar darasi huɗu a kowane zango, zango biyu a shekara, jimilla darasi 32 a shekara huɗu. Babban fanni kan ci tsakanin 8 da 12 daga ciki. Saura kuma ya rabu tsakanin darussan da kwaleji ta wajabta wa kowa da waɗanda kika zaɓa don kanki. Wajibcin ya bambanta: a Williams da Swarthmore sai kin yi darasi uku-uku a manyan rukunoni uku, wato adabi da harsuna da fasaha, ilimin zamantakewa, sannan kimiyya da lissafi. A Amherst da Grinnell kuwa darasi ɗaya na shekarar farko ne kawai dole a wajen fanninki.

Sai ki gane cewa fannoni iri biyu ne. Wasu kamar tsani suke, ba a taka mataki na uku sai an taka na ɗaya da na biyu. Kimiyyar sinadarai na cikinsu: gamammen darasi na farko, sannan na sinadaran oganik zango biyu, sannan darussan sama da ke buƙatar kalkulas, wani reshe na lissafi, da fiziks. Haka fiziks, lissafi, kimiyyar kwamfuta da koyon sabon harshe. Sau da yawa kuma darasin farko na jerin a zangon kaka kaɗai ake koyar da shi. Idan ya wuce ki a Satumba, sai wata Satumbar, shekara guda ta tafi ke nan. Tarihi, ilimin siyasa, adabi da falsafa ba su da wannan tsauri. Ana iya fara su a shekara ta biyu a gama lafiya. Tattalin arziki yana tsakiya: darasin gabatarwa, sai na matsakaicin mataki guda biyu, sai ƙididdiga, kuma yawancin sassa suna son zango ɗaya na kalkulas.

Saboda haka a zangonki na farko ki ɗauki sinadarai da kalkulas, ki haɗa da darasin da aka wajabta wa sababbin ɗalibai, na huɗu kuma tarihi ko tattalin arziki. Wanda ya rage ki ɗauke shi a zango na biyu. Da haka duk ƙofofin ukun suna buɗe har ƙarshen shekara, kuma kalkulas ɗin bai tafi a banza ba, domin yana yi wa biyu daga cikinsu aiki. Amma kada ki tara darussa uku masu zaman ɗakin gwaji a zango ɗaya. Kowannensu na iya cin awa uku ko huɗu na yammacin rana ɗaya a mako, ban da rubuta rahoto.

Game da yadda za ki gane wanda ya dace da ke, kada ki yi hukunci da darasin gabatarwa kaɗai. Darasin matakin 100, wato matakin farko, an tsara shi ne don jama'a da yawa, wani lokaci ya fi ainihin fannin daɗi, wani lokaci ya fi shi gundura. Ki kai matakin 200 a aƙalla fanni biyu kafin ki sa hannu. Kuma abin da za ki lura da shi aikin yau da kullum ne, ba taken fannin ba. Mai tarihi yana iya karanta shafi 150 ko fiye a mako, ya rubuta dogayen maƙaloli. Mai sinadarai yana tsaye a ɗakin gwaji, gwajin ya lalace, ya sake daga farko. Mai tattalin arziki yana fama da jadawalin alƙaluma. Tambayar ita ce wace wahala ce kike iya zama da ita awa uku ba ki ɗaga kai kin duba waya ba. A ganinmu wannan ma'auni ya fi maki inganci, domin maki mai kyau a darasin farko sau da yawa shaida ce kawai ta cewa makarantarki ta sakandare ta shirya ki sosai.

Akwai kuma aikin da ƙalilan ke yi, alhali shi ne mafi amfani. Ki buɗe kundin darussan kwalejin, ki je shafin kowane sashe, ki ƙirga malamansa na dindindin. Ki duba darussan matakin 300, ki ga waɗanda aka rubuta cewa sau ɗaya a shekara biyu ake koyar da su. A ƙaramar kwaleji sashe na iya zama malamai huɗu ko biyar. Idan mutum ɗaya ne ke koyar da ɓangaren da kike so, ya tafi hutun bincike na shekara, ɓangaren ya tsaya. Ki tambayi shugaban sashe kai tsaye wa zai tafi hutu a shekararki ta uku da ta huɗu. Ba rashin ladabi ba ne, kuma yawanci sun sani tun da wuri. Sannan ki zana zango takwas a takarda, ki cusa darussan kowane fanni a ciki, ki kai wa malamin da aka ba ki a matsayin mai ba ki shawara. Zuwa da takarda a hannu yana sa zaman minti 20 ya haifar da abin kirki.

Ki kuma tambayi yadda ake kammalawa. A Reed da Wooster kowane ɗalibi sai ya yi kundin bincike na kansa a shekarar ƙarshe. A Carleton akwai babban aikin kammalawa a kowane fanni. Duk fannin da kika zaɓa, ki tabbata akwai malamin da za ki so ki yi wata tara kina aiki a ƙarƙashinsa.

Tambaya: 'Yata likita take son zama, amma ban ga sashen likitanci a kwalejin da ta samu ba. Ƙaninta kuma injiniyanci yake so. (Daga wata uwa)

Hajiya, a Amurka ba a shiga likitanci daga sakandare. Sai an gama digirin farko na shekara huɗu, a rubuta jarrabawar shiga likitanci ta MCAT, sannan a nemi makarantar likitanci, wadda ita ma shekara huɗu ce. Babu wani fanni da aka ce sai shi. Mai digirin tarihi ma yana shiga, muddin ya cika darussan share fage. Yawanci su ne shekara ɗaya-ɗaya ta ilimin halittu, gamammen ilimin sinadarai, sinadaran oganik da fiziks, duka da ɗakin gwaji, sai sinadaran jikin halitta, ƙididdiga ko lissafi, da darasin rubutu. Ta nemi jami'in da ke ba masu neman aikin lafiya shawara tun makon farko.

Amma ga magana mai nauyi da ya kamata ki ji tun yanzu. Makarantun likitancin Amurka da ke karɓar wanda ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba shi da takardar zama ta dindindin ba su da yawa, tallafin kuɗi a wannan mataki ƙanƙani ne, wasu ma sai an nuna musu kuɗin shekarun karatun tun kafin a fara. Don haka ta zaɓi fannin da zai tsaya da ƙafarsa ko da ƙofar likitanci ba ta buɗe a can ba.

Injiniyanci kuwa, kaɗan daga cikin waɗannan kwalejoji ne ke da sashensa: Swarthmore, Smith ta mata, Harvey Mudd, Lafayette, Union, da wasu. Da yawa daga cikin saura suna da tsarin haɗin gwiwa, shekara uku a kwaleji, biyu a makarantar injiniyanci irin ta Columbia ko Jami'ar Washington da ke St. Louis, a fito da digiri biyu. Shekara biyar ke nan, kuma tallafin da kwalejin farko ta bayar ba lallai ya bi shi zuwa ta biyu ba. Idan yaron ya riga ya tabbatar injiniya zai zama, ya fi masa sauƙi ya nemi inda ake koyar da shi kai tsaye.

Tambaya: Abokaina duk fanni biyu suke haɗawa. Idan na tsaya a ɗaya ba za a ga na gaza ba? (Daga wani ɗalibi ɗan shekara ta biyu)

A'a, ɗana. Yi lissafi: fanni biyu masu darasi 10 kowanne sun cinye 20 cikin 32, ka ƙara da na wajibi, me ya rage maka na zaɓi? Ka shiga makarantar da amfaninta faɗin karatu ne, ka ƙuntata wa kanka. Ga yiwuwar aikin kammalawa biyu a shekara ɗaya, ga darussan dole da kan faɗo a awa ɗaya, domin a ƙaramin sashe aji ɗaya kawai ake buɗewa. Taura biyu ba ta taunuwa, sai dai idan fannonin suna raba darussa, kamar lissafi da fiziks, ko kuma da gaske kana son yin bincike mai zurfi a kowannensu. In ba haka ba, babban fanni ɗaya da darussa biyar ko shida a na biyun sun wadatar. Mai ɗaukar aiki da kwamitin digiri na biyu duk takardar sakamako suke karantawa.

Tambaya: Na ji an ce fannin da mutum ya zaɓa yana shafar izinin aiki bayan kammalawa. Gaskiya ne? (Daga wani ɗalibi mai bizar karatu ta F-1)

Gaskiya ne, kuma ya kamata ya shiga lissafinka tun kafin ka sa hannu. Mai bizar F-1 yana da izinin aiki a cikin harabar makaranta har awa 20 a mako lokacin karatu. Aiki a waje kuwa sai da izini na musamman. CPT shi ne na aikin sanin makama lokacin da kake ɗalibi. Sai ka cika shekara ɗaya ta karatu, kuma dole aikin ya danganci fanninka. Wannan ne ya sa wasu ofisoshin ɗaliban ƙasashen waje ba sa ba da shi sai ka bayyana fanni. Idan kana hangen aikin hutun bazara bayan shekarar farko, ka tambaye su tun a watan Janairu.

Bayan kammalawa akwai izinin aiki na OPT, wata 12, shi ma a aikin da ya shafi fanninka. Idan fannin yana cikin jerin kimiyya, fasahar zamani, injiniyanci da lissafi da gwamnatin Amurka ta amince da su, ana iya ƙara wata 24, jimilla 36. Abin da ke yanke hukunci lambar fannin ce da aka buga a takardarka ta I-20, wadda kwaleji ke ba mai bizar karatu, ba sunan da sashe yake kiran kansa ba. Misali, tattalin arziki a wata kwaleji yana ɗauke da lamba 45.0603, wadda ke cikin jerin, a wata kuma yana da lambar da ba ta ciki. Ƙaramin fanni, wato 'yan darussa a wani fanni na biyu, ba ya ba da wannan ƙari, amma babban fanni na biyu yana bayarwa, kuma wannan ɗaya ne daga cikin dalilai na gaskiya na haɗa biyu. Dokokin biza suna sauyawa, don haka duk wani mataki ka fara tabbatar da shi a wajen jami'in kwalejinku mai sa hannu a I-20.

Duk da haka ba ma ba ka shawarar ka shiga kimiyyar kwamfuta don wata 24 kawai alhali ba ka son ta. Ƙarin ba ya zuwa da aiki a hannu, kai za ka nema, kuma a OPT na farko kwana 90 kacal aka yarda ka zauna babu aiki. Wanda ya ja jiki ya gama da raunin maki a fannin da ba ya so ya fi shan wuyar samun aikin.

Tambaya: Jarrabawar tsakiyar zango ta ba ni kashi a fiziks. Ina jin kunyar zuwa wajen malamin. (Daga wata ɗaliba)

'Yata, ki je gobe. Kowane malami yana da awannin da ya ware a mako yana zaune a ofis ƙofa a buɗe don ɗalibai, an rubuta su a takardar tsarin darasi da aka raba ranar farko. Ɗaliban da suka taso da girmama malami daga nesa sukan ɗauka zuwa ofis damun mutum ne, alhali a can rashin zuwan ne ake karantawa a matsayin rashin damuwa. Ki tafi da takardar jarrabawar, ki nuna tambaya biyu da kika faɗi, ki ce ya nuna miki inda tunaninki ya karkace. Sannan ki tambaye shi kashi nawa na makin ya rage. Idan jarrabawar kashi 25 ce cikin 100, akwai sauran fili.

Ki kuma nemi ranaku uku a kalandar ofishin rajista: ranar ƙarshe ta sauya darasi ba tare da alama ba, wadda kan faɗo a mako ɗaya ko biyu na farko, ranar ƙarshe ta mayar da darasi tsarin ci ko faɗuwa babu maki, da ranar ƙarshe ta janyewa, inda harafin W zai fito a sakamako. W guda ɗaya ya fi F na faɗuwa sauƙi nesa ba kusa ba, domin ba ya shiga lissafin GPA, wato matsakaicin makinki. Amma hattara: idan kina kan biza, kada ki janye sai jami'in kwalejinku mai sa hannu a I-20 ya amince, domin faɗowa ƙasa da cikakken nauyin karatu ba da izini ba yana lalata matsayin F-1. Ki kuma tambayi ofishin tallafi, domin yawanci tallafin zango takwas ne, kuma darasin da kika bari sai kin rama shi a cikinsu. Yawancin sassa ba sa ƙirga darasin ci ko faɗuwa a cikin na babban fanni. Wasu kwalejoji sun san wuyar farawa: a Swarthmore da Wellesley makin zangon farko ba ya fitowa da haruffa a takardar sakamako.

Tambaya: Kwalejin a wani ɗan ƙaramin gari take. Yaya zaman yake, musamman ga Musulmi? (Daga wani ɗalibi mai shirin tafiya)

Kusan kowa a harabar yake kwana, a nan yake cin abinci, shekara huɗu. Garuruwa irin su Grinnell a Ayowa da Williamstown a Masachusets mutanensu ba su kai 10,000 ba, don haka rayuwarka kusan duka tana cikin makarantar. Amfanin shi ne ba ka ɓacewa. Ka yi fashin aji biyu, malami zai aiko da saƙo yana tambayar lafiya. Wahalar ita ce fuskokin nan su ne dai kullum, saɓani da abokin ɗaki ko aboki ba shi da wajen ɓuya. Idan zama da abokin ɗaki ya yi tsami, akwai babban ɗalibi da aka ɗora wa kula da kowane ɓangare na ɗakunan kwana, a wajensa ake farawa. Amma mafi kyau ku yi magana tun makon farko a kan lokacin kashe fitila, baƙi, da cewa za ka tashi sallar Asuba.

Ka rubuta wa ofishin kula da harkokin addini kafin ka tafi, ka tambayi ɗakin salla, inda ake Juma'a da yadda ake zuwa idan masallacin yana wani gari, da ko ɗakin cin abinci yana da naman halal. Kafin azumi da mako biyu ko uku ka je wajen manajan abinci a tsara na sahur da buɗa-baki, domin a wurare da yawa ana rufe ɗakin cin abinci da wuri. Idan Idi ya faɗo ranar jarrabawa, ka sanar da malami tun farkon zango, ba daren ranar ba.

Abu biyu ne suka fi kama sababbi ba shiri. Ɗaya hutun hunturu: kwalejoji da yawa suna rufe ɗakunan kwana daga tsakiyar Disamba zuwa Janairu, kuma wanda ba zai tafi gida ba sai ya cika takardar neman zama tun da wuri, ya kuma tanadi abincinsa. Na biyu sanyi da duhu: a jihohin arewa kamar Minesota da Maine rana tana faɗuwa kafin ƙarfe biyar na yamma a Disamba, kuma kewar gida ta fi tsanani a lokacin. Ka sayi babbar rigar sanyi da takalmin ƙanƙara kafin Nuwamba. Wasu kwalejoji suna da asusun taimako don wannan, ka tambaya. Idan ka ga barci da karatu da cin abinci sun rikice fiye da mako biyu, ka je cibiyar ba da shawara ta makaranta, wadda a yawancin wurare ba a biyan ƙarin kuɗi.

Idan darasin da kake so babu shi a kwalejinku, ka bincika ko tana cikin ƙawance. Ɗalibin Amherst na iya ɗaukar darasi a Smith, Mount Holyoke ko Jami'ar Masachusets. Haka Haverford da Bryn Mawr da Swarthmore. Kwalejojin Claremont biyar na Kalifoniya kuwa da ƙafa ake tafiya tsakaninsu.

Tambaya: Na shiga shekara ta uku, na gane fannin da na zaɓa ba nawa ba ne. Lokaci ya ƙure? (Daga wata ɗaliba)

Bai ƙure ba tukuna, amma ki ƙirga yau. Idan kina farkon shekara ta uku, kina da zango huɗu, wato guraben darasi 16. Rubuta darussan da sabon fannin ke buƙata, cire waɗanda kika riga kika yi, sannan ki duba mafi tsawon jerin da dole a bi ɗaya bayan ɗaya. Idan jerin bai wuce zango huɗu ba, kuma darussan suna faɗowa a zangon da kike buƙata, za ki iya. Komawa tarihi ko ilimin zamantakewa yakan yiwu. Komawa fiziks daga tushe da wuya ya shiga. Ki kai lissafin wajen shugaban sabon sashen kafin a buɗe rajistar zango mai zuwa, ki tambaya ko za su karɓi darasi ɗaya ko biyu daga tsohon fanninki. Idan ya amince, ki cika takardar sauya fanni a ofishin rajista, ki zaɓi sabon malami mai ba ki shawara daga cikin sashen, sannan idan kina kan biza ki sa a sabunta miki I-20 ta nuna sabon fannin.